Daga fiffike da shuɗiyar fitila zuwa tukunyar gas: wa ke yanke mana yayin kwalliyar mota?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare ina neman takardar fili cikin wata tsohuwar jaka sai na ci karo da hoton motata ta farko, wata Honda Hala da na saya a 2005 ina saurayi. Wallahi dariya na yi har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Fiffike a saman but kamar za ta tashi sama, shuɗiyar fitila a ƙarƙashi, sitikar harshen wuta tun daga fenda har ƙofar baya, salansa mai bakin bokiti, ga sifiku biyu sun cinye rabin but ɗin. A lokacin in na shigo layinmu yara bin ta suke yi da gudu. Da safe na nuna wa Khalifa, ya duba ya duba ya ce, "Abba, wannan ai motar masu tallan magani ce." Yaron da jiya-jiya aka yanka masa rago!

Shi a wurinsa mota mai kyau ita ce wadda ba sitika ko ɗaya, an baƙanta duk wani ƙarfe mai ƙyalli, fentin ruwan toka marar sheƙi kamar an shafe ta da siminti. To ina tambaya, wa ke yanke wannan yayin? Mu ne muke zaɓa, ko kuwa abin da aka yar a waje muke tsinta?

Bakano a Kalifoniya:
Wa alaikumus salam Yaya. Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne, duk duniya aka yi wannan haukan tare, kuma an san inda iskar ta kaɗo. A 2001 fim ɗin The Fast and the Furious ya fito da ƙananan motocin Japan masu launin lemo da kore, fiffike da fitilar ƙarƙashi. A 2003 wasan Need for Speed Underground ya shiga gidajen gem, wanda rabin daɗinsa liƙa wa mota kaya ne. A 2004 tashar MTV ta fara Pimp My Ride, inda za a ɗauko ruɓaɓɓiyar mota a cusa mata talabijin har cikin but. A Ingila akwai mujallar Max Power da ta rayu kan irin wannan kwalliya, ta fara a 1993 ta rufe a 2011, wato yayin na mutuwa ita ma ta bi shi. Ka ga ba kai ka ƙirƙiro ba, faifan CD na Ƙofar Wambai ne ya kawo maka har gida.

Amma kada Khalifa ya cika baki. Supra mai launin lemo ta cikin fim ɗin nan an yi gwanjonta a 2021 kan dala 550,000, da sitikunta da fiffikenta.

Baba Direba:
Kai ɗana na Amurka, gyara zancenka. Kafin a haifi masu fim ɗin nan muna yi wa mota ado. Na fara yaron mota a gingimari, Marsandi 911 mai bodin katako. Kai da shasi kawai ake sayowa, kafinta ya gina bodi, sannan a kai wa mai zane ya kwana uku yana aiki: zaki, gaggafa, dabino, masallaci, a goshi a rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Allah ya kiyaye". Tun daga nesa a hanyar Funtuwa za ka ce ga motar wane nan tafe, tun ba ka ga lamba ba. Da Fijo 504 ta fara fitowa daga Kakuri a 1975 kuwa, labule a gilashin baya, fatar rago a kan dashbod, sitiyari a naɗe da saƙar fata, oda mai waƙa. Wane Bature ne ya koya mana wannan?

Injiniya a Jamus:
Baba ranka ya daɗe, gaskiyarka. Kuma abin mamaki direbobin manyan motoci kusan ko'ina haka suke. A Japan akwai waɗanda ake kira dekotora, manyan motoci da aka lulluɓe da ƙarfe mai ƙyalli da ɗaruruwan fitilu. A Pakistan zanen tsuntsaye da furanni da sarƙoƙi masu kaɗawa. A Nairobi motocin haya na matatu. Mutumin da mota ta zama ɗakinsa dole ya yi mata ado. Sai dai tambayar Abban Khalifa kan ƙananan motocin 'yan gayu ce, kuma a nan kam, Baba ka yi haƙuri, kwaikwayo ya fi yawa.

Ɗan Panteka:
Ni bari in ba ku daga bakin guduma, tunda shekarata ashirin da wani abu ina fanelbita a nan Kaduna. Abin da ake kawo mana ya canja sau huɗu a idona.

Da farko irin na Alhaji Abban Khalifa ne, fiffike da sitika da salansa. Har fiffiken muke ƙerawa da faiba, wani ma da falange. Daga nan aka shiga zamanin wili. Kowa aloy, kowa inci 18, inci 20, ga farar fitilar nan mai kashe ido, ga baƙin gilas, ga talabijin a bayan kujera wadda ba mai kunnawa. Lokacin ne Honda Accord da ake wa laƙabi da End of Discussion da Evil Spirit, da Kamri Mosul, ke tashe. To sai na ukun ya zo ya haɗiye sauran, wato canjin fuska. Wannan shi ne kasuwa. A kawo maka Land Cruiser ta 2008 a ce a mayar da ita ta 2016, yanzu ma har fuskar sabuwar nan da ta fito 2021 ake ɗora wa tsohuwa. A kawo Lexus RX ta 2010 a ce a sa mata babban bakin nan na sababbi. Bamba, giril, fitilun gaba da baya, wani lokaci har bonet da fenda, duk a kwali suke zuwa daga Guangzhou, ka same su a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Apo. Sati ɗaya mota ta rage shekara takwas.

Na huɗun shi ne yanzu: allon Android a dashbod, fitilu masu canja launi a cikin ƙofa, naɗe mota da leda maimakon fenti, sai kuma tukunyar gas ɗin CNG, wanda mota ke ƙonawa maimakon fetur. Wanda ya zo neman fiffike bana ko mutum ɗaya ban gani ba.

Bakano a Kalifoniya:
Oga, maganar canjin fuskar nan ita ce ta fi ba ni dariya, saboda a nan akasinta ake yi. Akwai wani kamfani a nan Kalifoniya, Singer, da aka kafa a 2009. Aikinsu su ɗauki Porsche 911 ta tsakanin 1989 da 1994 su warware ta kaf, su sake gina ta da sabon inji da sabon komai, amma su ba ta kamannin wadda ta girme ta, ta wajen 1970. Kuɗin ya fi na sabuwar Porsche nesa ba kusa ba, kuma layi ake bi. Su suna biya a tsofar da mota, mu muna biya a mayar da tsohuwa yarinya.

Maman Ilham:
Ku daina kiran abin nan kwalliya, sunansa algus. Shekara biyu da suka wuce na sayar da filina na haɗa da kuɗin adashi, aka kawo mini RX aka ce 2015 ce. Fes da ita, har maƙwabta na shigowa sanya alheri. Wata huɗu fitilar gaba ta fara tara ruwa kamar kwalbar zoɓo. Ƙanena ya kai ta gareji, makaniken ya leƙa ciki ya ce "Hajiya ai 2010 ce aka yi wa kwaskwarima." Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Da muka koma wa dillalin cewa ya yi ai shi ma haka aka kawo masa. Na bar shi da Allah, amma hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai ware 'yan mota ba.

Ɗan Panteka:
Hajiya Allah ya mayar da alheri. Amma a yi mana adalci, maƙeri ya ƙera wuƙa ne, bai ce a soki kowa ba. Yawancin masu kawo mana aikin motarsu ce ta hawa, suna so su shiga taro ba a raina su ba. Mai sayarwa ya ɓoye, shi ne ɓarawon.

Maman Ilham:
To Malam, wanda ya hau don a zaci sabuwa ce fa, shi ba ƙarya yake yi wa idon mutane ba?

Ɗan Panteka:
Hajiya in haka ne mai rina gemu ma a kama shi.

Abban Khalifa:
Oga ka bar maganar rinin nan, akwai waɗanda abin ya shafa a gidan nan.

Injiniya a Jamus:
Hajiya, ga abin da zai hana a sake. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka, kuma yawancin Lexus da Kamri da Honda da ke hannunmu daga can suke, tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17. Za ki gan ta ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ki ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar ƙirar. 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, daga nan aka koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016. Da an duba taki za a ga A ne ba F ba. Ki tabbata ta gilashi da ta ƙofa da ta takardar kwastan duk iri ɗaya ne. Sannan bel ɗin kujera yawanci yana da ɗan ƙyalle a gindinsa mai ɗauke da shekarar da aka yi shi, masu canjin fuska ba su cika tunawa da shi ba.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ina ma na shigo gidan nan tun kafin in sayar da filin.

Sarkin Sitiyari:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni dai a ganina duk wannan ba shi ne harkar ba. Canjin fuska na Alhazawa ne. Mu matasa abin da muke kallo yanzu shi ne zaman mota, ta kwanta ƙasa, taya ta cika fenda daidai, ba rata. Ku duba aikin masu gyaran jikin mota na Japan, Liberty Walk da Rocket Bunny da Akira Nakai na RWB, mutumin da ke yawo ƙasa-ƙasa yana yanka fendar Porsche da hannunsa yana ɗora mai faɗi. Wannan shi ne aji. Ba sitikar wuta ba, Abba ka yafe ni.

Ɗan Panteka:
Sarki, in faɗa ko za ka faɗa da kanka?

Sarkin Sitiyari:
Haba Oga, sai ka tona ni? To shi ke nan. Bara na sa an yanke sifirin ɗin Marsandi C230 ɗina zagaye biyu, na sa wili inci 19 da siririyar taya. A hoto kam ba a magana. Sati uku na yi ina bin tudun rage gudu a karkace kamar kaguwa. Ranar ɗaurin auren abokina a Zariya na shiga wani rami, wili ɗaya ya lanƙwashe, kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji ya fashe. A bayan motar ɗaukar kaya ta dawo. Amma laifin hanya ne, ba laifin salon ba.

Baba Direba:
Hanyar ta riga ka zuwa duniya, ɗana.

Injiniya a Jamus:
Sarki, ba hanya kaɗai ba ce. Yanke sifirin shi ne mafi munin hanyar sauke mota, domin shokazoba an yi ta ne ta yi aiki a wani tsayi, in ka rage sai ta riƙa dukan ƙarshenta. Waɗanda kake gani a Instagram ko dai sun sa sifirin da shokazoba da aka ƙera tare don hakan, ko kuma jakar iska ce, su danna maɓalli ta kwanta don hoto, su danna ta tashi su tafi gida. Babban wili kuma dole ya zo da siririyar taya, don in faɗin duka ya canja maleji zai yi maka ƙarya. Siririyar taya ba ta da naman da zai shanye duka, sai wili da boljoyin su sha. Masu karkatar da taya kuwa, mota daga kamfani karkatarta ba ta cika wuce digiri ɗaya ko biyu ba, su suna kai ta goma ko fiye, sai gefen ciki kaɗai ke taɓa kwalta. Taya ta cinye cikin 'yan watanni, burki ya ragu.

A nan Jamus ba ka isa ka yi yadda ka ga dama ba. Duk shekara biyu ake duba mota, kuma in ka canja wili ko sifirin ko salansa sai kayan na da takardar amincewa, wani sai an shigar da shi cikin takardun motar. Shi ya sa salon Jamusawa ya fita daban, ba hayaniya a jiki, aikin na cikin inji. AMG ma da kuke gani a bayan Marsandi, wasu injiniyoyi biyu ne, Aufrecht da Melcher, suka fara shi a 1967 a matsayin ƙaramin wurin ƙara wa inji ƙarfi, daga baya kamfanin ya haɗiye su. Kuma ko a Turai an fara gajiya. Taron masu Golf GTI da ake yi a bakin tafkin Wörthersee a Ostiriya tun 1982, a 2023 hukumar garin ta ce ya isa haka.

Bakano a Kalifoniya:
Maganar Injiniya ta kawo ni inda nake so. Ni a ganina amsar tambayar Yaya ita ce fim yana kawo sha'awa, amma doka da hanya da aljihu su ke yanke abin da zai zauna. Ku ɗauki masu kwantar da mota na Los Angeles, 'yan asalin Meziko. Bayan yaƙin duniya na biyu suka fara sauke motocinsu, har buhun yashi suke zubawa a but, su bi titi a hankali don a kalle su, saɓanin samarin da ke tseren tsofaffin Ford a busassun tafkuna. A 1958 Kalifoniya ta yi dokar hana duk motar da wani sashe nata ya sauka ƙasa da gindin wili. A 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya ɗauko famfon haidirolik na jirgin sama ya sa wa Corvette ɗinsa, in ya hango ɗan sanda ya ɗaga ta, in ya wuce ya sauke. Motocin nan masu tsalle da rawa da kuke gani, Impala ta 1964 da ire-irenta, daga gudun tara aka samo su. Kuma dokar ba a soke ta ba sai farkon 2024, bayan Gwamna Newsom ya sa hannu a 2023. Shekara sittin da biyar ana wasan ɓuya.

Ana soke wannan kuma ana hana wani. Akwai yayin ɗaga gaban a-kori-kura a sauke bayanta har direba ba ya ganin abin da ke gabansa, jihar North Carolina ta haramta shi a ƙarshen 2021, wasu jihohin suka bi.

Ba'agade:
Salamu alaikum, ina bin ku daga Agadas. Ni dariya nake in na ga Turawa da Amurkawa suna yayin motocin shiga daji, a ɗaga mota, manyan tayu, tanti a kan rufi, jarkoki a gefe, alhali motar iyakarta kasuwa da makarantar yara. Mu nan Hilux da Land Cruiser ba don hoto ake gyara su ba. A ƙara ganyen sifirin a baya, a ƙara tankin mai, taya biyu ta safaya, faranti na tono in ta kafe, in an shiga rairayi a rage iskar taya don ta shimfiɗu. Hanyar Dirku ba ta san gayu ba. Wanda ya sauke motarsa ƙasa a nan sai a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Ɗan Panteka:
Malam ka faɗi gaskiya. Ga Sarki yana biya a sauke, ga mutum goma suna biya a ɗaga. Duk motar da ta sauka daga Kwatano ko Legas, abin farko da mai ita ke cewa a sa mata roba a kan sifirin ta ɗan tashi. 'Yan Golf da Sharon na haya kuwa har sifirin ɗin wata motar suke sawa don ta ɗauki buhu. Wannan shi ne gyaran motarmu na asali, sai dai ba mai ɗaukarsa hoto.

Injiniya a Jamus:
Tunda an zo gyaranmu na asali, akwai biyu da nake roƙo a daina. Cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, alhali shi ke sa inji ya kai zafin da zai ƙona mai daidai, in babu shi mota ta riƙa shan mai. Da kuma fasa salansa a cire abin da makanikai ke kira indomi. Ba don motarka ta yi numfashi ake cire shi ba, akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, sayar da shi ake yi. Kai kuma a bar ka da fitilar inji a kunne da hayaƙi mai yaji.

Ɗan Panteka:
Wannan ba layina ba ne, ni jiki nake bugawa. Makanikan gidan nan su fito su kare kansu.

Baba Direba:
Ni duk wannan bai dame ni ba, kowa da kuɗinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya wasan mota a biki. A tare titi, yaro ya ja hambirki yana juyi, ƙura ta tashi, yara ƙanana sun yi da'ira suna ihu. Shekara arba'in na yi a kan hanya, na san abin da ƙarfe ke yi wa nama. A unguwarmu an taɓa mayar da ɗaurin aure zaman makoki saboda wannan. Ba zan ce komai ba bayan haka.

Sarkin Sitiyari:
Allah ya jiƙan wanda ya rasu, Baba. Ni ma ba na goyon bayan a yi a cikin mutane. Amma abin fasaha ne, a Japan ya fara a hanyoyin duwatsu, Keiichi Tsuchiya ya yi suna da ƙaramar Toyota AE86, yau gasa ce ta duniya, Amurka ma tana da tata tun 2004. A ba mu fili mana. A Afirka ta Kudu wasan juyi da BMW 325i, wadda suke kira gusheshe, a Soweto ya taso, har a jana'izar 'yan daba ake yin sa, amma daga baya aka mayar da shi wasa mai rajista, da shinge da 'yan kallo a nesa. Hanawa kawai ba ta taɓa kashe shi ba.

Ɗan Jidda:
Sarki, a nan an gwada duka biyun. Tafhiɗ suke ce masa, kuma nasu ya fi naku hauka, don a miƙaƙƙen titi ake yi da mugun gudu, da Kamri ko Sonata ko Accord wadda ba a canja mata komai ba, wani lokaci ma ta haya ce. An yi asarar rayuka sosai. A 2016 aka ɗaga tarar ta koma riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, ga kama mota. A gefe guda kuma aka buɗe wuraren da ake yi bisa ƙa'ida. Yanzu ba ka cika gani a cikin gari kamar da ba. Amma ka lura, su titinsu kamar tabarma yake, kuma akwai kyamara ko'ina. Mu wanne muke da shi a ciki?

Sarkin Sitiyari:
Muna da filin Idi.

Admin:
Sarki, gargaɗi na farko. A ci gaba amma a bar filin Idi a inda yake.

Maman Ilham:
Ni tambaya gare ni kan baƙin gilas, tunda shi ma kwalliya ne. Motata da shi ta zo daga kamfani a gilasan baya, amma kullum sai an tsayar da ni. Wai halal ne ko haram?

Abban Khalifa:
Hajiya wannan ai ya fi yayin fiffike juyawa. Dokar tun ta 1991 ce, zamanin soja, ta ce sai da izini bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2021 'yan sanda suka dakatar da ba da izinin, a 2025 aka dawo da shi ta intanet, lauyoyi suka garzaya kotu. Ni dai na ɓare nawa na huta, zafi ya fi mini sauƙi a kan "fakin da kyau".

Ɗan Panteka:
To ku bari in gaya muku wanda ya kashe yayin salansa da babban inji, ba fim ba ne, ba ɗan sanda ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 ce, da aka ce an cire tallafin mai. Litar fetur tana ƙasa da naira 200, cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tun daga nan mai V6 ya daina taka mota don a ji ƙara. Wanda da yake tambaya ta ina zai sa sifika a but, yanzu tambaya yake ko tukunyar CNG za ta shiga ta bar wurin taya. Har ɗaga bayan mota muke yi saboda nauyin tukunyar. Wallahi na ga mutumin da ya buɗe but a wurin ɗaurin aure yana nuna wa abokai tukunyarsa, yadda Alhaji ke nuna sifikunsa a 2005.

Injiniya a Jamus:
Oga don Allah ka riƙa gaya musu wannan ba wurin arha ba ne. Gas ɗin CNG ana matse shi har ma'aunin bar 200, na girki ko 20 ba ya kaiwa. Tukunyar CNG ba ta da walda a jikinta, guda ɗaya ake ƙera ta. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, kuma abin da hukuma ta ce tukunyar haɗin gida ce aka yi wa walda. Fiffiken falange in ya cire sai dai a yi dariya, wannan kuwa ba a ba da labari.

Bakano a Kalifoniya:
Kafin in tafi aiki, Yaya Abban Khalifa, ka gaya wa Khalifa yayin ku ya fara dawowa. Yaran da suka taso da fim ɗin nan da gem ɗin nan yanzu su ne masu albashi, suna neman motocin ƙuruciyarsu ido rufe. A nan doka ta ce motar da ba a yi wa kasuwar Amurka ba sai ta shekara 25 za a shigo da ita, shi ya sa Skyline R34 ta 1999 ta samu shiga a 2024, kuɗinta kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Har fitilar ƙarƙashi na fara gani a wurin taro, sai dai yanzu da waya ake canja mata launi.

Sarkin Sitiyari:
R34! Yaya in na samu kuɗi ka turo mini ɗaya.

Injiniya a Jamus:
Sitiyarinta a dama yake, Sarki. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, mota mai sitiyari a dama ba ta halatta a titinmu. In kuma ka ba a juya mata sitiyari ka kashe abin da ya sa take da daraja.

Abban Khalifa:
Na karanta wa Khalifa saƙon ɗan'uwanmu na Amurka. Ya yi shiru, ya sake karɓar hoton, ya ce wai in da za a cire sitikar wutar da fiffiken, a bar ta fara sol da ƙananan wilinta na asali, "ba laifi". Yanzu haka yana tambayata wa na sayar wa.

Ɗan Panteka:
Alhaji akwai wata Hala a bayan shagona, shekara shida kaji na ƙwai a cikinta. Bodin bai ruɓe ba, injin ne babu. Ka turo shi ranar Asabar ya gani.

Abban Khalifa:
Nawa?

Ɗan Panteka:
Da ka tambaya jiya da kyauta zan ba ka. Yanzu da na ji maganar dala 550,000, bari in yi shawara da masu kajin.